Kwanukan Gwaggo da Tsofaffin Silifa

Da yayana zai tafi jami'a, ya bar mini bafal ɗinsa, ƙaton akwatin kiɗan nan da idan ya yi "dum" sai ka ji hanjinka ya haura ya gaida huhunka. Girmansa ya isa a ba akuya haya a ciki.

Matsalata Gwaggo ce, yayar babanmu. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata a gidanmu na Jambutu, kuma jikin bangon ne ta jera kwanukan aurenta, wani bisa wani har kusa da rufi. Ba a ci a ciki, ba a sha, kallonsu kawai ake yi. Da na kunna kiɗa sai su kama kakkarwa kamar masu masassara. Ranar da murfi ɗaya ya faɗo fentinsa ya ɓantare, sai ga ta a ƙofata.

"Ke, uwar ƙiriniya. Kawunki zai kai kaya Mayo-Ulo ranar kasuwa. In kwanona ya sake motsi, akwatin aljanun nan ya bi motar. Can kaji su yi ƙwai a ciki."

"Gwaggo, ni ban taɓa su ba."

"To rage shi."

"Kiɗan da aka rage ai kukan sauro ne."

Ban rage ba. Bafal gadona ne, ko da yake mai shi na nan da ransa. Na shimfiɗa masa tabarma, kwanuka suka ci gaba da rawarsu. Na ɗora shi a kan katifata, ya nutse yana gurnani kamar sa mai mura. Da na sauko da shi ne tafin ƙafata ya gaya mini gaskiya: siminti ke ɗaukar girgizar ya miƙa wa bango, bango ya miƙa wa kwanuka. Ashe gulmar ta ƙasa take bi.

Bayan madafarmu akwai maƙabartar silifa, duk waɗanda suka tsinke ko suka rasa 'yan'uwansu. Na tono su, na yanka, na jibga a ƙarƙashin kowace kusurwar bafal, na janye shi daga jikin bango. Da na kunna, ni kaina na tsaya. Ganga ta fito tas, kowane bugu da kansa, babu ɓurarin nan da na daɗe ina zaton shi ne daɗin.

Gwaggo ba ta yarda da baki. Ta cika kofi da ruwa ta ɗora a saman jeren. Na murɗa sauti har ƙarshe. Ruwa ko gezau.

"Kin rage," in ji ta ta bayan bango.

"Zo ki ji da ƙirjinki."

Ta zo, ta tsaya, ta dafe ƙirji, ta harari silifan. Ta juya ta koma ɗakinta. Ranar kasuwa motar Kawu ta tafi da buhunan albasa kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki ta leƙo tana ɓata rai.

"A da kwanuka ke gaya mini kin dawo daga makaranta. Yanzu sai na taso da gwiwar nan."

"In zare silifa ɗaya, Gwaggo?"

"Zare ki gani."