Ranar da Baba Ya Ji Kukan Gauraka

A shekarar da idon Baba ya dushe ne ma'aikatan gandun daji suka tara mu a bakin tabkin Madarumfa, masunta da mu masu lambu. Suka ce gauraka na ƙarewa, suna son mu riƙa lura da ita. Aka raba kwanaki, Talata ta faɗo kaina. Aka ba ni ɗan littafi, da madubin hangen nesa da muke karɓa-karɓa.

Wata uku ina zagaya bakin ruwa in na gama aikin lambu, kullum abu ɗaya nake rubutawa: ban gani ba. Har kunyar miƙa littafin nake ji. Baba kuwa, wanda ya tsufa yana su a tabkin nan, ba ya fasa tambaya.

"Yau fa?"

"Balbela ce kawai da agwagin ruwa, Baba."

Wata Talata a ƙarshen damina ya ce sai na tafi da shi. Na riƙe hannunsa muna takawa a hankali saboda taɓo. Mun kusa inda ciyawa ta yi tsayi sai ya tsaya cak, ya matse mini yatsu.

"Dakata, ɗiyata. Kin ji?"

Ni dai kwaɗi nake ji. Can sai wani kuka mai kauri ya taso.

"Su ne. Duba gabas."

Na ɗaga madubin. Guda biyu ne tsaye cikin ruwa, tukkunsu yana sheƙi, a tsakaninsu ga ɗan tsako mai launin ƙasa yana tuntuɓe cikin ciyawa.

Baba ya zauna a kan tudu ya ce in faɗa masa komai. Na faɗa masa farin kuncinsu, da yadda uwar ke sunkuyawa kan tsakon. Ya yi murmushi.

"Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, takan bar wanki ta tsaya kallon rawarsu," in ji shi. "Har faɗa na taɓa yi mata."

Da yamma muka sami makiyayan da ke shayarwa a gefen nan, muka roƙe su kada shanu su tattake wurin tsakon. Babbansu ya ce shi ma rabonsa da gauraka tun yana saurayi, ya yarda su karkatar da shanu. Masunta ma suka janye tarunsu daga wurin.

Bayan an gama yankan gero mai zagayen Alhamis ya shigo gidanmu da sallama, ya durƙusa gaban Baba ya ce tsakon ya tashi sama.