Ƙanzon Sutirah

Shekara arba'in Sutirah tana kankare ƙanzon shinkafa a garin Solo, ta shanya a kan rufi, ta soya ta kai kasuwa. 'Yarta Wulan ta tashi tana jin kunyar sana'ar, ko taɓa ƙanzon ba ta yi.

Da likita ya hana Wulan duk abin da aka yi da alkama, don tana lalata mata hanji, sai ta zaga kantuna ta sayo biskit mai tsada na masu irin ciwonta. Ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Kwali ne, Inna," in ji ta.

Sutirah ta tura mata farantin ƙanzo. Yanzu in hadari ya haɗo, Wulan ce ke rige-rigen kwashe shanya.