Birgin da na bari a Yanbu

Ni ɗan masunta ne daga bakin kogin Kwara, wajen Yawuri, amma aikin da na samu a Madina hawan dabino ne, a wata tsohuwar gona da ke Ƙuba. Ruwan da nake gani bai wuce na tiyo ba. Magana ɗaya ce ta riƙe ni duk shekarun nan: ranar da na gaji, gida zan koma in shiga kwalekwale in ci da iyalina. Shi ya sa na sayi zare na dinga saƙa birgi, komar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai, kullum bayan La'asar a gindin dabino.

Abokin ɗakina, wani direba ɗan Damagaram, ba ya gajiya da tsokanata, wai Sarkin Ruwan tiyo. Da na gama ɗaura wa komar dalma ya ce zai kai kaya Yanbu, can bakin teku, in taho in nuna masa abin da nake cika baki a kai.

Ban taɓa ganin ruwa garau irin na Bahar Maliya ba. Kifi na yawo, shuɗi da ruwan ɗorawa, ko ɗaya ban san sunansa ba. A kan duwatsu muka tarar da wani dattijo da ƙugiyarsa, Bahaushe haifaffen ƙasar. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci. Ya dubi birgina, ya girgiza kai, ya nuna ƙasan ruwa yana cewa murjan, murjan. Dariya ma na yi. Mu murjani a wuyan mata muka san shi. Na ce wa direba to madalla, sai in jawo wa uwargida tsaraba.

Na wurga. Wallahi ta buɗe yadda ake so, har sai da na ji ƙwalla. Da na ja igiya kuwa, ƙememe. Ban damu ba, a gida in koma ta sarƙe da kututture nutso muke yi mu kwance ta. Na tuɓe riga na shiga.

Gishiri ya fara cin idona. Ashe murjanin nasu dutse ne mai rassa, ga kaifi, kuma ya shiga kowane idon koma. Kafin in cire ido biyu ƙirjina ya ɗaure. Na fito, na koma, na sake fitowa babu komai sai jini a tafin hannu. Ni da yara ke taruwa a gaɓa suna jiran ganin inda kaina zai ɓullo! Haushi ya sa na sake komawa, sai na shaƙi ruwa. Da igiyar da ke ɗaure a hannuna suka jawo ni.

Ina kwance a kan dutse ina tari, direba ya tsuguna kusa da ni, babu tsokana.

“Yaya, bar ta haka nan. Zare ne, sai a saƙa wata.”

“Ba komar ba ce,” na ce masa. “Numfashin ne babu.”

Dattijon ya miƙo wuƙa ba tare da ya dube ni ba, na yanke igiya. Haka muka juyo Madina. Baƙin ciki ne zalla, irin wanda ba ka da wanda za ka zaga a kansa.

Bayan kwana biyu uwargida ta kira daga gida. Ta ce mai sassaƙar kwalekwale ya samu itace mai kyau, yana tambaya ko ya fara, tunda na ce bana zan dawo. Ina jin ta tana murna, tana lissafa wanda zai riƙa tuƙa mini. Na ce ta gaya masa ya sayar wa wani.