Sumar Baba Tuwis

Duk wanda ya zauna a unguwar Tandabawi ta Makka ya san kafin ka ga Baba Garba sai ka fara ganin sumarsa. Ita ke fara leƙowa daga lungu, a tsaye a goshi kamar zankon zakara, tana ƙyallin mai, sannan shi ya biyo baya. Kullum bayan asuba zai ɗora matajin ƙarfe a kan wuta, ya bi ta da shi a hankali har ta miƙe. Ƙaurin gashin nan shi ke gaya wa maƙwabta gari ya waye. Hula kuwa ba su taɓa shiri ba. Ni Isiyaku da aski nake ci, a garin da duniya ke zuwa a aske ta, amma wannan kai guda ya gagare ni.

In ya yi umara wurina yake zuwa, ya zauna a kujera, ya damƙe min wuyan hannu, ya nuna min gaɓar yatsa. Iyakar abin da zan rage ke nan. Wata rana na tuna masa cewa masu aske kai ƙwal sau uku aka yi musu addu'a, masu saisaye kuwa sau ɗaya.

Ya ce, "Ɗayar ta ishe ni. Ni ba mai haɗama ba ne."

Ku da aka haifa a nan kuna ce masa Ammu Tuwis da Larabcinku, ba ku san asalin sunan ba. Yana saurayi a Kano ya shiga silima, ya ga wasu baƙaƙen Amurka suna dukan jita da fiyano kamar da gayya, kiɗan da ake kira rokanrol. Da sumarsu ya fito a kansa. Ya watsar da keken ɗinkin babansa, ya koyi jita, ya shiga cikin makaɗan wani otal a Sabon Gari, inda rawar tuwis ta ba shi suna. Uban ya yi fushi, kuma ya rasu ba su shirya ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sayar da jitar, ya bi alhazai, bai sake komawa ba. Haka ya tsufa a takari, ba iƙama, wato takardar zama, ba mata, ba ɗa. Burinsa ɗaya ne tak, kuma kowa ya ji shi daga bakinsa: ƙasar Makka ta rufe shi.

Na taɓa tambayarsa, tunda tuba ya yi, me sumar take jira? Ya ce jita ya bari, kwalba ya bari, ita kuwa ya ajiye ta ne don in ya duba madubi ya tuna abin da ya tuba a kai. Na gyaɗa kai kawai. Ni dai na san son abarsa yake yi.

Ƙafarsa ta hagu ma ba ta tuba ba. Yana zaune, yana tsaye, tana nan tana buga ƙasa. Lokacin da yake da ƙarfi keken tsofaffi yake turawa tsakanin Safa da Marwa, yana tafe yana gunguni ta hanci, keke na rangaji. Wata tsohuwa Basakkwaciya ta waiwayo ta tambaye shi wane irin zikiri ne wannan.

"Na mutanen ƙetare ne, Hajiya. Sai da izini."

Ta ce to ya ci gaba, ya fi sa ta natsuwa.

Akwai ranar da wani mai jiran aski ya nuna masa tsohon hoto mai motsi a waya, wani Bature yana waƙa yana karkaɗa ƙafa, ya ce ai wannan ne sarkin kiɗan. Baba ya ja tsaki. Ya ce kiɗan na kakanninmu ne da aka kwasa a jirgin ruwa, da shi a ƙirji suka tafi, in ka zare wayar lantarkin gurmi za ka tarar. Waɗanda suka ƙera shi da yawansu a ɗakin haya suka mutu, wannan gado ya ci. Yana ta faɗa, ƙafar tana ta bin kiɗan har ya ƙare. Sai ya dube ta ya yi istigfari. Duk waƙar zamani da ya ji tana tashi a mota kuwa, cewa yake, "Jikarmu ce, tarbiyya ce babu."

To, ana cikin haka kame ya tsananta gabanin aikin hajji. Yau a ɗauke mai sayar da goro, gobe a ɗauke mai wankin mota. Muka taru a kansa, manya da yara, muka ce Baba, mutum marar takarda ba ya yawo da tuta a ka. Daga ƙarshen titi ana hango ka. Ka aske, ka sa hula, ka saje da jama'a. Ya zage mu tas, ya ce sumar ta girmi askarawan da iyayensu.

Amma da aka ɗauke wanda suke kwana ɗaki ɗaya, sai ga shi da hantsi, ba umara ba komai. Ya zauna, bai riƙe min hannu ba.

"Kwashe ta duka. Kabari a Makka ya fi ta."

Abin da na yi shekaru ina nema ya zo har gida, wallahi sai na ji ba na so. Haka na aske. Ko madubi bai kalla ba. Ya ce kada in kuskura in zuba masa gashi a shara, ya karɓi aron hula ya fita. Na bi shi da kallo, na ga wani ɗan tsoho ƙanƙane wanda ban sani ba.

Sati bai zagayo ba aka kama shi a Kudai, wajen tashar bas.

Wani askari ɗan unguwarmu, jikan Hausawa ne, shi ya zo ya same ni, ransa a ɓace. Da Hausarsa mai tsami ya ce, "Ya ammi, lesh, don me kuka aske shi?" Ashe duk sun san sumar nan tun suna yara. In suka hango ta daga nesa sai kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Ran nan kuwa tsoho mai hula suka gani cikin tsofaffi masu hula. Sai a cikin mota askarin ya lura da wata ƙafa tana buga ƙasa, lokacin kuwa suna ya riga ya shiga na'ura, ba yadda zai yi. Mu da muke ganin mun fi shi wayo, iƙamarsa muka sa ya aske.

Aka sauke shi Kano, garin da babu sauran wanda ya san shi. Silimar ta zama shaguna, otal ɗin babu ko alamarsa. Wani jikan ƙanwarsa ya ba shi ɗaki. Sau ɗaya muka yi waya, muryarsa ta shige ciki. Ya ce gashi ya ƙi fitowa, na iya cirewa ban iya mayarwa ba. Na yi dariyar dole. Sai ya tambaya.

"Ina ka kai sumar?"

"Na binne ta, Baba. A gindin dutsen bayan gidanku."

"Cikin iyakar harami ne?"

"Ciki ne."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce, "To alhamdulillahi. Ita dai ta samu."

Bayan Babbar Salla labarin rasuwarsa ya iso. Har yau in na share gashin alhazai da yamma sai ƙaurin matajin nan ya dawo min a hanci, in ji kewa ta kama ni.

Allah ka jiƙan Garba, ka shirya shi da mahaifinsa. Ka karɓi tubarsa har da ta ƙafar da ta ƙi ji. Ka san inda ya so ya kwanta, ya Ubangiji, ka tashe shi tare da mutanen Makka.