Fedal ɗin Yaya Issufu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina haɗa shayi Tanti Habsu ta kira ni, ta ce mijinta Yaya Issufu ya rasu bayan sallar asuba. Shayin yana can kan gawayi, ban san wanda ya sauke shi ba.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, amma ji nake kamar wani ne yake ba ni labari.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne babban mai gita na ƙungiyarmu a nan Dakoro. Shi ya koya mini kiɗa. Ni kullum ina bayansa ina riƙe masa amo, shi yana gaba da fedal ɗinsa na wah-wah, wanda ake takawa da ƙafa gita ta riƙa lanƙwasa murya kamar mutum.

Ranar Asabar ɗin nan muna da biki a Azagor. Tun damina ya yi wa uban amarya alkawari, saboda a bikin uwarta ma shi ya yi kiɗa. Yau ga alkawari, babu mai shi.

Na tuna wani yammaci can wajen Tagriss. Rana ta yi ja, an kunna gurup, wato injin wuta, mata sun zauna a tabarmi. Ya taka fedal ɗin a hankali, sautin ya tafi kan rairayi kamar ana kiran wani daga nesa. Har raƙuma suka ɗago kai. Ni kuwa na manta ina kiɗa, hannuna ya tsaya, sai da ya waiwayo ya harare ni yana dariya.

Fedal ɗin nan ya ba shi wahala. A kan rairayi muke wasa, kana takawa sai ya zame ko ya nutse. Ya manna shi a katako da sikirac, maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, ƙasa ta cika maɗaurin ya daina kamawa. Ya ɗaure da roba, rana ta cinye ta. Daga baya ya ɓalle ƙwayoyin sarƙar keke masu huda biyu-biyu, ya cire ƙafafun robar fedal ɗin, ya sa bis ɗinsa, wato ƙusoshin da ake murɗawa, ta huda ɗaya, ɗaya hudar kuma ya ɗaure ta a katako. Tun daga ranar ko a bayan mota aka jefa shi ba ya motsi. Kuma ba ya yarda kowa ya taka. Muna tsokanarsa cewa ko Tanti ba ta samun irin wannan kulawa.

Kun san ni da ƙafar dama, tun ina yaro shan inna ya taɓa ta. Fedal ɗinsa a gefen dama yake, don haka ban taɓa sa rai ba. Bai taɓa yi mini maganar ƙafar ba. In za mu yi tafiya dai, shi ke riga ni ɗaukar ampli, akwatin lasifikar nan mai nauyi, ya ce wai ni ban iya riƙo ba.

Makon jiya na je gaishe shi. Ciwon suga ya kumbura masa ƙafa, yana zaune a zaure da katakon a cinya da turnabis na kwance bis a hannu. Ya kwance fedal ɗin gaba ɗaya. Na ce lafiyar abin ƙalau, me ya sa zai taɓa shi. Bai kula ni ba, ya ajiye katakon a ƙasa ya ce:

"Ɗora ƙahwar hagu nan in gani."

Na ɗora. Ya zagaya takalmina da alli, ya karkata fedal ɗin kaɗan yadda diddigena ke zama, ya ɗaure bis ɗin ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa hannu in taya shi, amma ya ƙi ba ni turnabis ɗin.

Na ce, to shi fa ranar Asabar?

"Ni zamne zan yi in saurara. Kai dai kak ka yi gaggawa, taka shi kamar kana tsoron tada mai kwana."

Na ɗauka rigimarsa ce ta tsufa. Har na ce masa idan ya warke zai sake wahalar mayar da shi dama.

A wajen gaisuwa ɗazu uban amarya ya kira, ya ce sun yafe kiɗan. Na ji sanyi a raina, don gaskiya tsoro nake ji, ban taɓa tsayawa a gaba ba. Sai Tanti Habsu ta aiko a karɓi wayar. Ta ce masa mijinta bai taɓa saɓa alkawarin biki ba, ba kuma za a fara bayan ransa ba. Ta sa aka fito mini da katakon, zanen allin yana nan bai goge ba.

Zan je Azagor. Ban san ko hannuna zai yarda ba.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba Tanti da yara haƙuri. Duk wanda ya taɓa rawa da kiɗansa, ko bai san sunansa ba, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu. In kun gama, ku sa ni a ciki ranar Asabar.