Littattafan Baffa Sule da Sunan da Muka Ƙi Ji

Shekara tara ke nan da rasuwar Baffa Sule, ƙanin mahaifina, kuma har yau littattafansa huɗu suna cikin akwatina. Nakan buɗe su, in karanta shafi biyu, in mayar. Ban ƙara musu layi ko ɗaya ba, ko da yake ni ya damƙa wa su a kan gadon jinya.

Malamin gona ne a Kiru. Da ya yi ritaya, sai ya ɗauki wani aikin da babu wanda ya sa shi: neman asalin gidanmu. Yakan hau acaɓa zuwa Yako, ko ya bi motar Doguwa ranar kasuwa, da goro a aljihu. Ya zauna gaban tsofaffi, ya gaishe su har su gaji, sannan ya ce, "Baba, wa ya haifi mahaifinka?" Wasu su ba shi labari, wasu su ɗauka gado ya zo nema su kore shi.

Mu dai mun tashi muna ji cewa kakanmu na farko babban malami ne da ya zo daga gabas. Da haka muke bugun ƙirji wajen neman aure. Shekara shida Baffa yana bin sawun malamin nan, har wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Doguwa ta warware masa. Malamin gaskiya ne, an yi shi, amma ba shi ya haife mu ba. Kakanmu Bamaguje ne mai suna Nomau, yunwa ta koro shi daga gindin duwatsu, ya yi ƙodago a gonar malamin, ya musulunta a hannunsa. Jikoki ne daga baya suka ajiye sunan baran, suka ɗauki na maigida.

Ranar da ya faɗi haka a taron dangi bayan sallah, Goggo Hajara, yayarsu, ta miƙe.

"Sule, abin da ka ƙarar da ƙafarka a kai ke nan? Ka tona mana asiri?"

"Yaya, mutumin da ya yi noma ya ci halal, ya karɓi Musulunci da kansa, ina abin kunya a nan?"

Ba ta sake yi masa magana ba sai a makon da zai rasu.

Yanzu dangi suna da zauren hira a waya. Bara wani ɗanmu da ke Tudun Wada ya sa hoton bishiyar asali mai launi, malamin gabas a can sama, har an ƙara masa rawani. Kowa ya yi ta sa albarka. Na rubuta amsa, na goge. Na gaji da gardama tun kafin in fara. Da Baffa yana nan, ina jin ba zai yi fushi ba, tambaya ɗaya zai yi, "Wa ya gaya maka?" Ita ce tambayar da babu mai yi yau.

Tsofaffin da ya zauna da su duk sun tafi. Idan akwai kuskure a rubutunsa, babu mai gyarawa. Bai bar gida mai bene ba, bai bar almajirai ba, kuma rabin dangi har gobe suna ganin ɓata lokaci ya yi.

Watan jiya na je Bebeji gaida Goggo Hajara. Idonta ya tafi, ta haura tamanin. Ta tambaye ni ko littattafan suna nan, na ce suna nan. 

"Akwai abin da Sule bai samu ba," ta ce. "Sunan matar Nomau. Kakata ta faɗa mini ina yarinya, ta ce kar in gaya wa kowa. Nemo abin rubutu."