Rimin Kawu da Ɗakin Inna

Bayan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Roni, akwai tsohon kurmi da ba a taɓa sa masa gatari ba. Rimin da ya fi tsawo a ciki, a kansa kawuna yake rataye amyar zuma tun yana saurayi. Shekarar da rimin ya fara karkatowa wajen ɗakin Inna, mahaifiyata, mai unguwa ya kira ni, tunda ni ke koyar da lissafi a firamare. Ya ce in auna shi: in har zai kai ɗakin idan ya faɗi, a sare.

Daga gindinsa zuwa ɗakin taku arba'in ne, wannan ba gardama. Tsawon ne ya gagare ni. Na kafa sanda da hantsi, na gwada inuwarta da ta rimin kamar yadda nake koya wa yara, na samu talatin da shida. Da la'asar na sake, sai ga arba'in da uku. Inuwar kan dutse take hawa, ta shige cikin ta maɗaci da tsamiya, ban ma san inda ta ƙare ba. Kaina ya ɗaure, kunya ta kama ni.

Kawu na zaune yana kallona. Ya ce, "Malam, ko dai bishiyar ce ke girma da rana?"

Ya ɗauko igiyar da yake sauke amya da ita, wai daga reshen sama har ƙasa take kaiwa. Muka shimfiɗa, taku talatin. Har na yi ajiyar zuciya, sai Inna ta leƙo ta katanga ta ce ai bara ta yanki igiyar nan ta ɗaure akuya. Nawa ta yanka? Ta ce ita ba ta auna ba.

Washegari mai unguwa ya ce, "To, ɗana, zai kai?"

Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zai kai ba."

Kawu ya rasu shekaru uku bayan haka, amyar duk ta ruɓe. Rimin na nan. Duk sanda hadari ya haɗo daga gabas, nakan samo wani dalili in kira Inna ɗakina, ita kuwa tana zuwa ba ta tambaya.